Madubin dare a kan bindigar iska: wanne za a saya, kuma yaya ake ɗora shi?

Bakano_a_Leeds:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sanin abin. Bindigar Air Arms S510 ce, mai cin ƙwaya milimita 4.5, ƙarfin harbinta ƙasa da 12 a ma'aunin fut-fam kamar yadda dokar nan Ingila ta tanada ga wanda ba shi da lasisi. Aikin kashe ɓeraye ne a gonar kaji, da izinin mai gona a rubuce. Tazarar harbi daga mita 6 zuwa 25, galibi cikin rumfunan kaji da bayan ma'ajiyar abinci. A kanta akwai madubin rana 3-12x44 mai fokos a gefe. Shin in sayi na'urar da ake maƙalawa a bayan wannan madubin, ko in cire shi in sa na dijital gaba ɗaya? Sannan yaya ake ɗora shi a layin milimita 11 ba tare da ya tokare gidan harsashi ba?

Injiniya_Gwale:
Wa alaikumus salam. Fara raba su gida uku, don masu talla suna cakuɗa su. Akwai tsohon salo mai kwalba a ciki, wadda ke ninka ɗan hasken wata da taurari, su ne ake ce wa Gen 1, Gen 2, Gen 3. Akwai na dijital, wanda kyamara ce da ɗan allo, tana gani da hasken IR, wato hasken da idon mutum ba ya gani, wanda tocila ke fesawa. Sai mai ganin zafin jiki.

Na farkon ka cire shi daga lissafi. Gen 1 hotonsa dishi-dishi ne a gefe, Gen 2 da 3 kuɗinsu ya ninka na bindigar, kuma hasken rana ko fitila mai ƙarfi na iya lalata kwalbar. Ga tazarar da ka faɗa, dijital ne gidanka. Cikin rumfa babu wata babu tauraro, dole sai da tocilar IR ko wace iri ka saya, to gara wadda aka ƙera don hakan.

MalamHabu_PCP:
Tunda madubinka yana da fokos a gefe, rabin matsalar ta kau. Ni wanda ake maƙalawa a bayan madubi nake ba da shawara ga mai farawa, irin Pard NV007. Dalilin shi ne saitinka na rana ba ya taɓuwa. Ka maƙala da dare, ka cire da safe, ƙwaya na sauka inda take sauka.

Ga yadda ake ɗaurawa. Ka auna kaurin bakin madubin na wajen ido da abin awo, don zoben da ake sayarwa kala-kala ne: milimita 42, 45 da 48. Ka ɗauki wanda ya ɗan fi madubin faɗi, ka naɗa baƙin tef na masu wayarin a bakin madubin, zagaye biyu ko uku, har zoben ya shiga da ɗan tauri. Tef ɗin na hana ƙarfe cin fenti, yana kuma hana lilo. Kada ka ɗaure sukurun tukuna. Ka kunna na'urar, ka juya zoben har gicciyen saiti ya tsaya a tsakiyar allo, tsaye ƙyam ba a karkace ba, sannan ka ɗaure a hankali, wannan kaɗan wancan kaɗan.

Fokos kuma hawa uku ne, kuma a jere ake yinsu. Na farko zoben da ke kusa da idonka, ka juya har rubutun da ke kan allo ya fito tar. Na biyu fokos ɗin na'urar kanta, ka juya har gicciye ya fito tar. Na uku fokos ɗin gefen madubi, shi ne na abin da kake hange. Mafi yawan masu cewa na'urar ba ta da kyau sun tsallake na biyu ne, suna ta murɗa na uku.

Tanko77:
Malam Habu ka manta da tsawo. Na'urar na ƙara wajen santimita 10 a bayan madubi. Mutum zai ga kansa ya koma can ƙarshen gindin bindiga, kunci ba inda zai kwanta.

MalamHabu_PCP:
Gaskiya ne Tanko. Magani biyu ne: a tura madubin gaba cikin zobbansa gwargwadon yadda zai yiwu, ko a ƙara wa gindin bindiga roba mai kaurin santimita 3 zuwa 5 wadda ake zurawa a cire. Amma duk wanda ya motsa madubi a zobba sai ya sake saiti, wannan ba makawa.

Abu_Safiyya:
Ban yarda da na baya ba ga wanda aikinsa dare ne zalla. Hasken IR sai ya ratsa duk gilasan madubin rana kafin ya kai kyamara, kuma shafen da ake yi wa gilasan don hasken ido aka yi shi. Wasu madubai masu tsada ma sun fi toshe IR. Ga nauyi a baya, ga abu biyu da za su iya kwancewa maimakon ɗaya.

Na dijital gaba ɗaya ya fi tsafta. Abin dubawa kafin komai shi ne ƙaramin girman da yake farawa da shi. Pard NV008 daga 6.5 yake farawa. A mita 8 cikin rumfa, wannan ya yi yawa, ɗan fili kaɗan za ka gani, ɓera ya gifta ba ka san ta inda ya bi ba. Nemi mai farawa daga 3 ko 3.5 ko ƙasa. Sightmark Wraith akwai 2-16x28, Zulus akwai 3-12, ATN X-Sight 4K akwai 3-14, HikMicro Alpex da Pulsar Digex C50 daga 3.5 suke. Lambar sama kada ta ruɗe ka. Zuƙowar dijital buɗa hoton kawai take yi, ba ta ƙara bayani, daga ninki biyu zuwa sama hoto ya fara farfashewa.

Abu na biyu, ka tambayi mafi kusancin tazarar da yake iya fokos. In bai sauko mita 5 ba, ba na ɓera ba ne, na masu harbin dila a fili ne.

Bakano_a_Leeds:
Na gode. To batun layin fa? Yawancin waɗanda Abu Safiyya ya lissafa na ga Picatinny aka rubuta.

Injiniya_Gwale:
Layin bindigarka mai tsagi biyu ne a gefe, faɗinsa milimita 11. Picatinny faɗinsa wajen 21, da ramuka a gicciye, kowane rami faɗin milimita 5.2, tsakanin rami da rami milimita 10. Ba sa shiga juna sai da adafta.

Hanya biyu gare ka. Waɗanda jikinsu bututu ne mai milimita 30, irin Digex da Alpex da X-Sight 4K, zobban milimita 30 masu ƙafar 11 kawai za ka saya, dogaye, ɗaya gaban gidan harsashi ɗaya bayansa. Babu adafta, babu ƙarin tsawo. Waɗanda suka zo da ƙafar Picatinny kuwa sai adafta. A nan ka nemi mai gada, wato mai ƙafa biyu da sarari a tsakiya, don gidan harsashin S510 yana ɗan ɗagowa sama da layi kuma ta gefe yake shiga. Kafin ka ɗaure komai, ka ɗora adaftar sakwa-sakwa, ka sa gidan harsashi ka cire sau da yawa, ka ja hannun ɗana bindiga har ƙarshe, ka tabbata babu inda ya goga. Ko milimita ɗaya ya taɓa, gidan harsashin zai karkace, ƙwaya ta shiga bututu a gurguje, saiti ya watse ba ka san dalili ba.

Kada ka sayi ƙananan adafta guda biyu masu zaman kansu in ƙafar na'urar doguwa ce guda ɗaya. Da wuya ramukansu su yi daidai da juna.

Wajen ɗaurewa: ka goge layi da sifirit don cire mai. Ka tura na'urar gaba har sandar ƙafarta ta jingina da bangon rami, sannan ka ɗaure. Ƙarfin ɗaurin sukuran zobba kada ya wuce 2 a ma'aunin Nm. In ba ka da sifana mai awo, ka riƙe alanki ta gajeren gefensa, da yatsu uku, inda ya tsaya ka bar shi. Yawanci alminiyom ne, zarensa ba ya jure ƙarfin hannu.

Baba_Maharbi:
Yaro ya yi sa'a tasa PCP ce, wato mai tankin iska da ake cikawa, wadda kusan ba ta duka. Amma akwai masu karantawa da ke riƙe da mai sifirin, irin wadda ake karyawa ko HW97. Su ji da kyau. Mai sifirin duka biyu take yi: ta yi baya lokacin da fistin ya tashi, ta fizga gaba lokacin da ya daki ƙarshe. Wannan fizgar ta gaba ita ke kashe madubi. Na'urar da aka rubuta tana jure babbar bindigar farauta, dukan baya kawai aka gwada ta da shi. Mai gas a madadin sifirin ma haka take, har ta fi kaifi.

Abin da ke faruwa shi ne batir ya rabu da maƙalinsa na ɗan lokaci, allo ya ɗauke daidai lokacin harbi, ko ƙafa ta riƙa ja baya kaɗan-kaɗan a kan layi har saiti ya gudu. In dole ne, a sa ƙafa guda ɗaya doguwa mai ƙusar tsayawa da ke shiga ramin saman bindiga, ko irin Dampa na Sportsmatch mai roba a ciki. Kuma a rubuta wa kamfani a tambaye su ko garantinsu ya haɗa da mai sifirin, a ajiye amsar. Na baya kuma kada a sa shi a mai sifirin sam, don idonka manne yake da robar.

Tanko77:
A mai sifirin, akasin abin da Injiniya ya faɗa ake yi ko? Wato a ja ƙafar baya ta jingina kafin a ɗaure.

Injiniya_Gwale:
Haka ne. A mai sifirin madubi baya yake gudu, don haka ƙusar ta jingina da bangon baya na ramin. A PCP babu wani duka na kirki, ko ta ina ka jingina ya yi, muddin kullum gefe ɗaya kake yi in ka cire ka mayar.

Mai_Kaji_Zariya:
Ina bin muhawarar nan da sha'awa, don ɓera na cinye mana abincin kaji ba kaɗan ba, ga kashe 'yan tsaki. Mu a nan gida za mu iya yin odar irin wannan ta intanet?

Lauya_Kd:
Alhaji dakata tukuna, wannan ba irin odar waya ba ce. Abin da ɗan'uwanmu na Leeds yake yi ba lasisi, a Najeriya ba haka yake ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin jerin makaman da sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda ake riƙe su, ba ruwanta da ƙarfinta kaɗan ne ko da yawa. Ƙaramar bindigar iska ta hannu kuwa tana cikin kayan da kwastan ta haramta shigo da su gaba ɗaya. Na'urar gani da dare ita ma tana cikin kayan da sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro ake shigo da su. In kaya suka iso tashar jirgi babu wannan takarda, ba asarar kuɗi kaɗai za a yi ba, tambayoyi za su biyo baya. Da halin tsaron da ake ciki a Arewa, mutumin da aka gani da dare riƙe da bindiga mai madubi ba wanda zai tsaya tambayar ko ta iska ce. Takarda farko, sannan sanar da 'yan sandan yankin da maƙwabta.

Ko a Birtaniya ma ba ɗaya ba ne. Scotland tun ƙarshen 2016 sai da takardar izini. A Ingila kuma laifi ne ƙwaya ta fita daga iyakar gonar da aka ba ka izini, kuma dokar 1981 ta kare namun daji ta hana amfani da na'urar saitin dare a kan tsuntsaye sai in lasisi ya halatta. Ɓera dai babu wannan hanin.

Mai_Kaji_Zariya:
Na gode Barista. Gara da na tambaya.

Abu_Safiyya:
Mu koma kan tocila, don ita ce rabin hoton. IR iri biyu ake sayarwa, mai zangon haske nanomita 850 da mai 940. Mai 850 ta fi haske da nisa, amma in ka kalli bakinta za ka ga ɗan ja kamar garwashi. Mai 940 kusan ba a ganin komai, sai dai kyamara ba ta jin ta sosai, nisanta ya ragu, hoto ya ɗan yi yashi-yashi. Ga mita 25 ko wacce ta isa ta yi yawa. Ɓerayen da aka daɗe ana harbi sukan fara gudun jan nan, a nan 940 ke da amfani.

Matsalar cikin rumfa ba ƙarancin haske ba ce, yawansa ne. Ka kunna tocila a lamba ta ƙarshe, hasken ya daki bango ko buhu, allo ya yi fari fat, idon ɓera ya zama ƙwallon haske ba ka ganin kansa. Ka sa ta a lamba ta ɗaya, ka buɗe bakinta ya bazu. Sannan ka daidaita ta: a tsaya mita 15 daga bango, a matse hasken ya zama ɗan da'ira, a motsa maƙalin tocilar har da'irar ta hau kan gicciye, a ɗaure, sannan a buɗe.

MalamHabu_PCP:
Ƙari a kan wannan. In ka ga farin hazo a ƙasan allo wanda ba ya tafiya, salansa ce, wato abin rage ƙara da ke bakin bindiga, ke mayar da hasken. Ka ɗaga tocilar sama da madubi, ko ka tura ta gaba, ko ka naɗe salansar da tef na yadi marar sheƙi. Abin lura, ba kowane baƙin abu ne baƙi a idon IR ba. Wani baƙin yadin fari tas yake fitowa a allo. Ka gwada da na'urar kafin ka naɗa.

Kuma hasken IR ba ya haɗuwa a daidai inda hasken rana ke haɗuwa cikin gilashi. Shi ya sa lambobin da ke jikin fokos ɗin gefe ba sa yin daidai da dare. Kada ka auna tazara da su. Ka juya har hoto ya fito, ka manta da lambar.

Dr_Hadiza_Vet:
Ku yi hattara da tocilan IR masu lesa. Ido ba ya ganin hasken, don haka ba ya ƙiftawa ya kare kansa, amma hasken na shiga. Kada a leƙa bakinta don a ga ko tana kunne, a duba ta kyamarar waya. Kada a haska ta a fuskar mutum ko dabba a kusa.

Dan_Maradi:
Ga masu takardunsu a ƙasashenmu, akwai abin da 'yan Ingila ba za su faɗa muku ba, wato hunturu. In ƙura ta cika iska, hasken tocila na dukan ƙurar da ke gaban gilashi ya dawo, allo ya cika da fararen ɗigo masu yawo. Ƙara haske ƙara lalacewa ne. A rage shi, a kuma raba tocilar da madubi, a kafa ta a kan sanda ko ginshiƙi mita biyu a gefe tana haska wurin da ake jira. Haka hasken da ke dawowa ba ya shiga gilashi kai tsaye. Rumfar kaji ma ko ba hunturu tana da ƙurar dusa da gashi, dabarar ɗaya ce.

Gilashi kuma kada a goge shi da bakin riga. Ƙurar nan yashi ce, tana karce shafen. A hure da ɗan famfon roba, a share da burushi mai laushi, sannan a sa ƙyalle.

Bakano_a_Leeds:
Wannan ta raba tocila ta yi mini. To saitin fa? A mita nawa zan yi?

Injiniya_Gwale:
Nan ne tsayin madubi ke shigowa. Madubin rana yakan zauna santimita 4 zuwa 5 sama da tsakiyar bututu. Na dijital a kan adafta yakan kai 7, wani 8. Ƙwaya daga ƙasa take fitowa tana hawa zuwa layin gani, don haka a kusa ƙasa take bugawa.

Ga lissafi a kan tsayi santimita 7, ƙwaya mai nauyin giren 8.4 (ɗan sama da rabin giram), gudun mita 240 a daƙiƙa. In ka yi saiti a mita 25: a mita 5 za ta sauka wajen santimita 4 da rabi ƙasa da gicciye, a mita 10 kusan 3, a mita 15 ɗaya da 'yan kai, daga 20 zuwa 30 kusan a kan gicciye. In ka yi a mita 15: a mita 5 ƙasa da wajen 4, a mita 10 ƙasa da 2, a mita 20 sama da ɗaya da 'yan kai, a 25 sama da 2. Wurin da ake nema a kan ɓera bai wuce santimita 2 ba, tsakanin ido da kunne. Ka ga kuskuren santimita 3 ba ƙarami ba ne.

Lissafi jagora ne kawai. Ka kafa takarda a 5, 8, 10, 15, 20, 25, ka harba uku-uku kana saita tsakiya, ka auna, ka rubuta a ɗan tef ka manna a gindin bindiga.

Tanko77:
Ni 25 na fi so. Gyara gefe ɗaya ne kawai, kullum ɗagawa sama kake in abu ya matso. Da 15 sai ka riƙa tunanin sama ne ko ƙasa, cikin duhu.

Abu_Safiyya:
Amma in kashi mafi yawa na harbinsa tsakanin 8 da 15 ne, me zai sa ya yi saiti a inda ba ya harbi? Na'urorin nan suna ajiye saiti fiye da ɗaya. A ya zama na cikin rumfa a mita 12, B na waje a 25. Abin kiyayewa kawai ya duba harafin da ke allo kafin ya fara.

Yadda ake yi: bindiga a kan buhun yashi, babban kwali a mita 10 tukuna don kada ƙwaya ta ɓace. Ka harba uku. Ka mayar da gicciye kan inda ka saita, ka daskarar da hoton, ka tura gicciye na biyu zuwa tsakiyar ramukan uku, ka ajiye. Suna kiransa saitin harbi ɗaya, amma kada ka yarda da ƙwaya ɗaya. Ka rubuta lambobin X da Y, wato matsayin gicciye a kwance da a tsaye, a takarda, don sabunta manhaja kan share su.

Injiniya_Gwale:
In ka ga lambar Y ta yi nisa ƙwarai, ko gicciye ya sauko can ƙasan allo, kada ka cusa takarda ko gwangwani ƙarƙashin zobe, yana lanƙwasa jiki. Sayi adafta mai gangare. Mai gangaren 20 a ma'aunin MOA tana sunkuyar da madubi kusan milimita 6 a kowace mita, kuma abin da lissafin sama ke buƙata a mita 25 wajen milimita 5 ne a kowace mita. Ka ga kusan ta biya bukatar tun kafin a taɓa maɓalli. A tabbata dai gefen da ya fi tudu yana baya.

Baba_Maharbi:
Ku ƙara da karkata. Madubi in ya yi tsawo, ɗan karkatar da bindiga hagu ko dama na kai ƙwaya gefe fiye da yadda aka saba. Da dare babu ginshiƙi ko bango da ido zai auna tsayuwa da shi. A rataya igiya da dutse a mita 10, a daidaita layin tsaye na gicciye da ita lokacin ɗaurewa. Yawancin na dijital suna nuna karkata a gefen allo, a kunna shi.

Sadiq_Thermal:
Ba wanda ya yi maganar mai ganin zafi da kyau. Wajen gano ɓera babu kamarsa. Wanda ya laɓe bayan buhu da kansa kawai a waje, IR ba zai nuna maka ba, mai zafi zai nuna. Mai ƙwayar hoto 256x192 ya isa mita 25, 384x288 ya fi. Sai dai ba ya gani ta cikin gilashi, don haka ba a maƙala shi a bayan madubin rana. Saiti kuma sai da abin da ya bambanta da kwali a zafi, kamar ɗan guntun takardar alminiyom.

Dan_Maradi:
A ƙasar zafi ka rage masa maki. Bangon siminti da kwanon rufi suna riƙe zafin rana har tsakar dare. A watan Afrilu bango na iya kusan kai zafin jikin ɓera, sai hoton ya zama toka-toka. Sai can wajen asuba yake dawowa daidai.

Dr_Hadiza_Vet:
Kuma mai zafi ba ya gaya maka ko mene ne, dunƙulen haske kawai kake gani. Ɗan tsako, ɗan kyanwa, bushiya, duk dunƙule ne. Tsarin da ya fi aminci shi ne ƙaramin mai zafi a hannu don nema, IR a kan bindiga don tantancewa. Ba a taɓa kunama sai an ga wutsiya da kunne.

A matsayina na likitar dabbobi ina da abu biyu. Darmar da ake yin ƙwaya da ita guba ce. Kada a yi harbi a saitin buhunan abinci, mazubin ci ko na ruwa, kaza na haɗiye ƙwayar da ta gani a ƙasa. A ware wurin jira: a jingina katako mai kauri ko buhun yashi, a shafa man gyaɗa mai kauri ko dakakken ƙuli-ƙuli da aka kwaɓa a gabansa. Abin da ba ya ɗaukuwa ake so, don ɓera ya tsaya lasa maimakon ya sura ya gudu. A auna tazarar wurin da rana, an huta da canke. Siminti tsirara da ƙarfe suna mayar da ƙwaya, kwano kuma tana huda shi ta wuce.

Na biyu, gawar. Fitsarin ɓera na ɗauke da cutar leptospirosis a ko'ina, a Najeriya kuma ga zazzaɓin Lassa da ɓeran nan mai nonuwa da yawa ke yaɗawa. Safar hannu da abin ɗauka mai dogon hannu, a zuba a leda, a binne da zurfi ko a ƙone. Kada a bar wa kare ko kyanwa.

MalamHabu_PCP:
Batir. Da yawansu irin batirin da ake kira 18650 suke ci. Na gaskiya ba ya wuce mAh 3500 ko kusa da haka, duk wanda aka rubuta 9900 ƙarya ce. Ka duba ko na'urarka mai shafaffen kai take so ko mai ɗan tudu, don mai kariya a ciki ya fi tsawo da 'yan milimita, murfi ba zai rufu ba, in ka matsa ka lalata sifirin ɗin ciki. Tocilar jikin na'ura ita ke shanye batir, in ka koma tocilar waje zai daɗe sosai. A kashe WiFi in ba a buƙata. A sanyin Ingila ka ajiye na canji a aljihun ciki.

Hasken allo kuma a rage shi zuwa ƙasa. In ya yi yawa, ka ɗago kai idon dama ya makance na 'yan mintuna, ga shi kana tafiya da bindiga cikin duhu. Robar ido ta zauna daram, in ba haka ba hasken allo na haska fuskarka ɓera ya gan ka.

Bakano_a_Leeds:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na karkata ga mai bututun milimita 30 saboda in guje wa adafta, amma nauyin na damuna, na ga wasu sun kai kilo ɗaya.

Abu_Safiyya:
Nauyin ba zai dame ka ba in a zaune kake da sanda mai ƙafa uku, kuma harbin ɓera haka ake yinsa. A tsaye ne yake gajiyarwa.

MalamHabu_PCP:
Ni har yanzu ina kan na baya. Kuɗinsa bai kai na wancan ba, madubinsa na rana na nan, in ya ga aikin ya karɓe shi sai ya ƙara gaba. Ka sa madubin a 3 ko 4, ka kashe hasken gicciye, ka gwada. In akwai shagon bindigar iska kusa da kai, ka tafi da madubin su maƙala maka ka gani da idonka ko gilashinsa na barin IR ya wuce.

Tanko77:
Injiniya, lissafin nan naka in ƙwaya mai milimita 5.5 ce mai giren 16 fa, a ƙarfi ɗaya? Gudunta wajen mita 175 ne kawai.

Injiniya_Gwale:
Ta fi lanƙwasa, don haka 25 ya yi mata nisa a matsayin saiti, tsakanin 18 da 20 ya fi. A kusa kuwa tana saurin hawowa layi fiye da 4.5, wanda ke taimako a cikin rumfa. Auna mini daga tsakiyar bututu zuwa tsakiyar gilashin gaba, ka turo da ainihin nauyin ƙwayar, in fitar maka da lambobin.